Ɗan Daba a akwatin gilas: kifin da ya hana gidanmu sakat wata tara

Abin nan a gidanmu ya faru, wani ƙauye ne gabas da Wudil, kuma ni da ƙanina auta muka sha fama da shi kusan wata tara kafin mu gano bakin zaren. Ni sana'ata kiwon tarwada, ina da kwami biyu na siminti a bayan gida, dan haka duk gidan ni ake wa kallon masanin kifi, kuma wallahi wannan kallon da ake min shi ya ƙara dagula lamarin, zaku gani a gaba. Shi kuma Auta shagon cajin waya gare shi a bakin titi, yana da sola da batir biyu, har ya ja waya ɗaya zuwa ɗakinsa a cikin gida.

Wajen watan Oktoba bayan an fara kaka ya shiga Kano sayen kayan shago, sai gashi ya dawo da akwatin gilas a cinya cikin motar haya, da leda ɗaure da kifaye shida a ciki. Biyu irin jajayen nan ne masu jan jela kamar amarya da mayafi, waɗanda ake ce wa golfish, huɗun kuma 'yan mitsi-mitsi ne basu kai tsawon ɗan yatsa ba, ruwan ɗorawa mai haske da ratsin baƙi biyu tun daga baki har wutsiya, kowane ratsi da farin zare a gefensa. Mai shagon da ya sayar masa cewa yai duk zaman lafiya suke, zuba ruwa kawai ka dinga basu abinci shikenan. Ko sunan kifin Auta bai tambaya ba, cinikin biri a sama yai ya taho. Inna ta leƙo ta duba tace “yanzu kai Auta kuɗin da zai sai maka 'yar akuya ka kwasa ka sayo kifin da ko miya ba zai yi ba?” Baba dai bai ce komai ba sai da ya juya zai fita yace duk dabbar da ka tsare haƙƙinta na wuyanka, ka sani.

Akwatin tsawonsa santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, in ka lissafa lita 54 kenan, jarka biyu da ɗan ɗori. A ƙasansa tsakuwa ce mai launi-launi, da filawar roba guda ɗaya a tsakiya, da ɗan famfon iska. Babu dutse babu rami babu wani lungu da kifi zai shiga ya ɓuya, daga wannan bangon kana hango wancan. A riƙe wannan a rai dan kusan duk masifar daga nan ta taso.

Wata uku ba abin da ya faru. Yaran unguwa kullum bayan la'asar suna ɗakin Auta suna kallo, har wata maƙociyarmu tazo da baƙinta daga Gaya su gani. Sanyin hunturu ma da sauƙi suka wuce shi, duk da akwai safiyar da na sa ma'aunin zafin da nake gwada ruwan kwami da shi na ga ya sauko digiri 20, kifayen duk sun yi lakwas a ƙasa basa ko son motsi.

A ƙarshen Janairu Auta ya kira ni yace Yaya zo ka ga ɗaya daga cikin masu ratsin kamar bashi da lafiya, haɓarsa tayi baƙi. Na duba na ga haka ne, baƙin ya fara daga ƙarƙashin baki ya bi ciki, kamar an goga masa gawayi. Nace ƙila ciwo ne a zuba gishiri kaɗan. Cikin sati uku kifin nan ya juye gaba ɗaya, inda yake ruwan ɗorawa ya koma baƙi ƙirin, inda yake baƙin ratsi ya koma fari-fari mai ɗan shuɗi, sai saman bayansa da gefen wutsiya suka rage da ɗan rawaya. Kuma bai yi kama da mara lafiya ba ko kaɗan, shi ya fi kowa ci, shi ya fi kowa girma. Ya kama gindin filawar robar nan ya dinga ɗibar tsakuwa da baki yana zuwa gefe yana tofarwa, ɗaya bayan ɗaya, har sai da ya tono gilashin ƙasa, sannan ya tsaya a bakin ramin yana baza fiffike. Duk wanda ya gifta sai ya bishi a guje har ƙarshen akwatin, to ina ƙarshen yake, taku biyu ne an kai bango, sai a juyo a sake. Yara suka sa masa suna Ɗan Daba kuma sunan ya bishi.

Golfish ɗin su suka fara shan wahala, dan basu da gudu ga jela kamar tuta. Kwana biyar jelar ɗaya ta zama kamar tsumman da ɓera ya ci, ɓawon jikinta ya ɗaɗɗaye a gefe guda, ranar na shida muka tashi tana yawo a sama ciki a sama. Ɗayar muka kwashe muka sa a bahon wanki, daga baya aka bai wa wani ɗan maƙota, kuma na ji tana nan da ranta.

A nan na fara tafka nawa kuskuren. Ni a ilimin tarwada, in ka ga manya na cin ƙanana to ko yunwa ce ko ba a ware su gwargwadon girma ba. Sai nace wa Auta yunwa ce ke damunsa, wannan ɗan garin da aka haɗo ka da shi ba abinci bane, bari in kawo maka na gaske. Na ɗebo masa abincin 'ya'yan tarwada, ƙananan ƙwayoyin nan, nace sau uku a rana kuma ka cika musu. Suna ci kamar ba gobe, mu kuma muna murna. Faɗan ko ɗigo bai ragu ba, sai ma ruwan da ya fara yin hazo-hazo yana ƙarni.

Dabara ta biyu ta Auta ce, yace a kai shi kurkuku. Aka kamo Ɗan Daba aka sa a bokiti da bututun iska kwana huɗu wai ya horu. Abin mamaki kwana biyu da fitar da shi sai wani daga cikin ukun da suka rage ya fara baƙi shi ma, ya gaje ramin ya fara korar sauran biyun. Ashe namiji ne tun asali, tsoro ne ya sa ya riƙe kalar mata, ruwan ɗorawan nan, bai canza ba. Da muka mayar da Ɗan Daba sai suka tsaya gefe da gefe suna karkarwa, suna zagaya juna kamar 'yan dambe kafin a kai hannu, sannan suka kama bakin juna suka riƙe, wannan ya tura wancan ya tura, yara na ihu wai gaisawa suke. Ba gaisuwa bace. Washegari na biyun yana can saman kusurwa bayan bututun iska, a tsaye kai sama, leɓensa ya yi fari ya saɓule, wutsiya saura rabi. Muka yanko ragar sauro muka raba akwatin biyu, da dare Ɗan Daba ya tsallake ta sama ya ƙarasa shi. Da asuba Auta ya fito da gawar a tafin hannu ya tsaya a ƙofar ɗakina bai ce komai ba.

Sai a lokacin muka yi abin da ya kamata ayi tun ranar farko, wato neman sanin wane irin kifi ne wannan. Auta ya ɗauki hotonsa ya bincika a waya, sunansa Melanochromis auratus, daga dangin da ake kira siklid. Asalinsa tafkin Malawi ne can kudu maso gabashin Afirka, tafkin da ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya suka kewaye, tsawonsa ya haura kilomita 500, zurfinsa a wani wajen ya kai mita 700, kuma siklid ɗin da ke cikinsa iri ɗaruruwa ne waɗanda babu su a ko'ina a duniya sai nan, har UNESCO ta sa wani yanki na kudancinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Shi namu yana cikin rukunin da mutanen bakin tafkin ke kira mbuna, ma'ana kifin duwatsu, kuma tun 1897 wani masani mai suna Boulenger ya rubuta bayaninsa. Baya wuce santimita 11 komai girmansa, amma ko a cikin mbuna ɗin ma yana sahun gaba a faɗa, masu kiwon kifin ado na gargaɗin sabon shiga a kansa. 'Ya'yan duk kalar uwa suke fitowa, sai namiji ya balaga yake juyewa baƙi. Wato abin da na ce ciwo ne a zuba gishiri, balaga ce.

Amma gaskiya ba a waya na fahimci abin sosai ba, a bakin kogi na fahimta. Ran wata Juma'a na shiga kasuwar Wudil na biya wajen kawunmu, ƙanin Inna, wanda tun tasowarsa su yake yi a kogin nan. Bayan mun gaisa na nuna masa bidiyon nace Kawu dan Allah duba min wannan jarabar. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido ya daɗe yana kallo, sai yai dariya yace “kai ɗan nan, kai da kake kiwon kifi baka gane ɗan'uwan karfasa ba? Dubi ƙayar bayansa mana, dubi bakin.” Yace namijin karfasa in lokacinsa yayi wajen da ruwa bai da zurfi yake samu ya share rami a yashi kamar faranti, ya tsaya a kai, ko kai ka sa ƙafa sai ya taso maka, amma da ka matsa daga ramin ya ƙyale ka, baya bin kowa har gida. Macen kuma ita ke kwashe ƙwan a baki, sau nawa suna jawo koma ta faɗo cikin jirgi ta amayar da 'ya'ya. Sai ya tambaye ni akwatin naku ya kai ina, na gwada masa da hannu, yace “to ai duka akwatin bai kai ramin nasa shi kaɗai ba, ina kuke so sauran su matsa su je?”

Maganar nan ita ta buɗe min kai. A tafkinsu gaɓar duk tarin duwatsu ce, namiji ya kama ɗan yankinsa tsakanin duwatsu inda yake kankarar gansakuka yana jiran mata, wanda ya kora da ya sha kwana bayan dutse shikenan ya ɓace masa daga ido, faɗa ya ƙare. Kamar rikicin iyakar gona ne, in ka fita daga gonar mutum ba zai biyo ka da fartanya har kasuwa ba. Mu kuma mun haɗa su a ɗaki ɗaya fayau mun kulle ƙofa, wanda aka kora bashi da inda zai fita, shi kuma mai korar a ganinsa taurin kai ake masa an ƙi fita. Ni tun daga ranar na daina ce masa mugu, duk da sunan dai ya riga ya zauna.

Kafin mu tara kuɗin gyara sai zafi ya shigo, Maris zuwa Afrilu, kuma ɗakin Auta rufin kwano ne ba silin. Ruwan da ya kamata ya tsaya tsakanin 24 da 28 sai da na auna shi 33 da azahar. Ruwa in yai zafi iskar da ke cikinsa raguwa take, su kuma kifayen jikinsu na ƙara tashi, ci ya ƙaru kashi ya ƙaru faɗa ya ƙaru. Wani dare batir ya mutu wajen ƙarfe uku famfo ya tsaya, da safe duka ukun suna sama baki a buɗe suna haki, har shi gogan, ranar ce kaɗai na ganshi kafaɗa da kafaɗa da matan bai taɓa kowa ba.

A cikin wannan zafin abincin tarwadan da na kawo ya nuna aikinsa. Ɗaya daga matan biyun ta fara ɗaukar ƙwaya ta tauna ta tofar, sai kashinta ya koma fari siriri kamar zaren ɗinki yana binta, ta koma kusurwa, kwana huɗu cikinta ya kumbura idanu suka firfito. Wannan cutar sananniya ce har sunan tafkin aka sa mata, kumburin Malawi. Su mbuna hanjinsu dogo ne irin na masu cin ganye, an yi shi ne dan gansakuka da 'yan ƙwarin da ke maƙale a cikinta, abincin tarwada kuwa furotin ɗinsa ya haura kashi 40 cikin 100 ga maiƙo, dan a kumbura kifi cikin wata huɗu zuwa shida a kai kasuwa aka yi shi. Ka haɗa wannan da tsoro kullum da ruwa mai datti, sai ƙwayoyin cutar da ke hanji su samu dama. Maganin da masu kiwo ke amfani da shi metronidazole ne, filajil ɗin nan dai da kowa ya sani, ana daka ƙwaya ɗaya mai 200mg a ruwa wajen lita 35 zuwa 40, a daina bada abinci, a canza wani kaso na ruwan kafin a sake sawa. Mun ware ta a baho mun yi mata amma mun makara, in ciki ya riga ya kumbura da wuya su tashi. Ta mutu kwana na uku. Ɗayar macen kuma da ita ma ta fara tofar da abinci sai muka yi mata da wuri ta warke. Wannan mutuwar tawa ce ba ta Ɗan Daba ba, kuma na faɗa wa Auta haka.

Saura biyu kenan, shi da mace ɗaya, wanda shi ne mafi munin haɗi dan duk ƙarfinsa a kanta zai ƙare. Muka yanko gefen kwandon roba mai ƙananan huji muka raba akwatin har sama ya taɓo murfi, wannan karon bai samu hanya ba, sai dai ya wuni yana dukan robar da baki.

Na sayar da kifin kwami ɗaya a watan Mayu na ba Auta rance, shi ma ya haɗa nasa, muka je wajen masu haɗa tagar aluminiyam aka yanka mana gilas mai kaurin milimita 10. Tsawo santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, lita 243 kenan, kusan jarka goma, da ɗan gilas a gicciye ta sama dan kar ruwa ya buɗa shi. Wajen silikon, gam ɗin da ake liƙe gilashin da shi, sai da muka yi gardama da mai aikin, shi yana so ya sa irin na banɗaki mai maganin fumfuna, wannan kuwa guba ce ga kifi, dole sai wanda ba a haɗa shi da komai ba. Muka barshi sati guda ya bushe, muka cika shi a tsakar gida kwana uku a ga ko zai yoyo. Ruwan kaɗai ya kusa kilo 250 ban da dutse, dan haka ba maganar tebur, bulo muka jera aka ɗora katako da kumfar kwalin firji a kai. Kuma muka bar ɗakin kwano muka koma tsohon ɗakin Kaka na ƙasa mai rufin azara, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi-sanyi. Wannan canjin ɗakin kaɗai ya sauko da ruwan zuwa 28, 29, in rana ta ƙwalle sai a ɗaga murfi a kunna 'yar fankar sola tana busa saman ruwan.

Cikin akwatin shi ne ainihin aikin. Muka samo duwatsun gini manya da matsakaita muka wanke da burushi ba sabulu, muka haɗa da kasake da fasassun tukwanen ƙasa da Inna ta jibge a bayan madafa, Auta ya zauna da dutsen niƙa yana goge bakinsu dan kar su yanki kifi. Dutsen muka fara jerawa a kan gilas tukuna sannan aka zuba yashin kogi da aka wanke, saboda in ka ɗora dutse a kan yashi kifin nan zai tone ƙarƙashinsa ya rufto, ko ya danne shi ko ya fasa gilas. Tsibi uku muka yi, biyu a gefe ɗaya a tsakiya mai tsayi har kusan saman ruwa, yadda in ka tsuguna a wannan gefen ba zaka hango wancan ba. Ramuka sun fi ashirin, wasu ƙanana da gangan yadda mace zata shige shi ba zai iya ba.

Sai ruwa. Ruwan tafkin Malawi pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwa-kanwarsa, yana wajen 7.8 zuwa 8.6, namu na burtsatse da na gwada da 'yar takardar gwaji bai kai 7 ba. Daɗin abin dai bashi da kilorin irin na famfon birni. Inna da ta ji ana maganar ruwa mai ɗan kanwa-kanwa tace to ga kanwa nan a gwangwani ku jefa mana, kuma a gaskiya bata yi ƙarya ba kanwa zata ɗaga shi, matsalar ita ce lokaci ɗaya zata ɗaga kuma baka san me da me ke cikinta ba, kifi kuwa canjin gaggawa ya fi kashe shi fiye da ruwan da bai cika daidai ba. Abin da muka yi shi ne dutsen farar ƙasa da masu haɗa abincin kaji ke sa wa masu ƙwai, na sayo mudu ɗaya mai tsakuwa-tsakuwa muka wanke muka ɗaure a tsohuwar safa muka tura bayan duwatsu, yana narkewa a hankali, bayan sati biyu ruwan ya tsaya wajen 7.6 zuwa 7.8 bai ƙara motsi ba. Filta kuwa ta soso ce guda biyu masu aiki da iska, famfon wat 5 kacal yake ja, da ƙaramin famfo na USB a jikin fawa banki saboda irin daren can. Soson nan ba datti kawai yake tarewa ba, a cikinsa bakteriyar da ke cinye amoniya, gubar da ke fita daga kashin kifi, take zama, kuma sai tayi sati huɗu zuwa shida kafin ta kafu, shi ya sa muka fara kunna ɗaya a tsohon akwatin tun ana yankan gilas, kuma ba a wanke shi sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, a matse sau biyu uku a mayar.

Abu na ƙarshe shi ya fi ba mutanen gida dariya, wai maganin faɗan shi ne a ƙaro kifi. Namiji ɗaya ake bari da mata huɗu ko fiye, yadda in ya bi wannan kafin ya cim mata wata ta gifta ya juya kanta, ba wadda za a tasa a gaba ita kaɗai har ta galabaita. Inna tace “au, ashe shi ma sai an cike masa huɗu zai bar mutane su yi barci.” Auta ya koma Kano, wannan karon ya san abin da yake nema, ya zaɓo biyar manya-manya da suka haura santimita 7 kuma har lokacin ruwan ɗorawa ne tas ba ɗigon baƙi a haɓa. Muka zuba su tare da tsohuwar macen a sabon akwatin suka yi kwana biyar suna koyon lunguna, Ɗan Daba na tsohon gida shi kaɗai, sannan da magariba muka saka shi muka rufe akwatin da bargo har safe. Ya shigo a matsayin baƙo kowa ya riga shi sanin gari. Ya kama tsibin hagu ya fara tono, ya kori wannan ya kori waccan, amma korar bata wuce taku ɗaya ba sai su shige dutse ya dawo. Duk da zaɓen da Auta yai, ɗaya cikin biyar ɗin bayan sati uku ya fara baƙi, ba mu jira komai ba muka cire shi ran da muka gani, yana tsohon akwatin yanzu shi kaɗai.

Abinci ya koma na ganye. Akwai gwangwanin garin sifirulina, wata irin busasshiyar gansakuka, da Auta ke sayowa, sau biyu a rana ɗan abin da zasu cinye cikin minti ɗaya, ran Juma'a kuma ba a basu komai. Sai ganyen alayyafo ko zogale da ake tsomawa a tafasasshen ruwa a ɗaure a jikin dutse da zare, da yamma a cire saura. Wanda na fi so shi ne na gansakuka, muna da baho a rana da duwatsu a ciki, in suka yi kore shar sai a ɗauko biyu a saka a fitar da waɗanda aka kankare. In ka kasa kunne kusa da gilas har ƙarar haƙoransu zaka ji a jikin dutsen, kai ƙasa wutsiya sama kamar awaki a kan dusa. Duk sati ana zuƙe kwata na ruwan, jarka biyu da rabi, da tiyo daga ƙasa inda kashi ke taruwa, kuma wannan ruwan gindin zogalen Inna yake tafiya, tun da ta ga yadda ya yi lif-lif ta daina maganar akuya, ita ke tuna wa Auta ranar canjin ruwa ma yanzu.

A watan Yuli tsohuwar macen nan da ta sha wuya ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, gabana ya faɗi nace kumburin ya dawo. Da na haska fitila na duba sosai sai na ga ba ciki bane haɓa ce, tana ta juya wani abu a baki kamar mai tauna goro. Ƙwai ne. Sati uku cur bata ci komai ba, tana cikin wani kasko da bakinsa ya yi wa Ɗan Daba kaɗan, a sati na uku in ta buɗe baki kana hango 'yan idanu baƙaƙe a ciki. Muka kwashe ta da kaskon gaba ɗaya zuwa baho, kwana biyu ta saki 'ya'ya 17, kowanne da ratsinsa irin na uwar tun yana kamar ƙwayar shinkafa. Muka bar ta sati guda ta ci ta murmure kafin a mayar da ita.

Ba wai faɗa ya ƙare bane, kar wani ya ɗauka haka. Har yau akwai mace ɗaya da gefen wutsiyarta baya rabuwa da yaga, kuma a cikin matan ma akwai wata uwargida da ta ɗan yi duhu tana korar sauran daga tsibin dama. In muka ga an matsa wa ɗaya da yawa sai mu rushe duwatsun mu sake jeri, kowa ya shiga neman sabon gida a manta da ita. Yara kuma an hana su kara madubi a jikin gilas, dan sun gano in ya ga kansa yana dukan gilashin har leɓensa ya fashe. Hunturu mai zuwa ma yana raina, hitar da zata ɗumama lita 243 tana jan wajen wat 200, batiran Auta ba zasu kai ta asuba ba, shirinmu dai kumfar firji a bango uku da bargo a sama.

'Ya'yan 14 suka rayu, suna cikin wani rabin duro na roba a ƙofar ɗakin. Auta ya taɓa cewa in sun yi yawa sai ya kai kogi ya zuba, Kawu da ya ji yace kul, kar ya kuskura ya kawo musu baƙon kifi ruwansu, wanda Allah ya zuba a ciki ya ishe su. Samari uku sun riga sun yi kamu, Auta yace ba wanda zai bai wa sai ya je ya ga akwatinsa da idonsa ya auna tsawon da tef. Shekaranjiya da safe ina wanke kwami ya ƙwala min kira, Yaya zo ka gani, na je na tarar ya tsuguna a bakin duron da fitilar waya yana nuna min ɗaya daga cikin manyan, ƙarƙashin haɓarsa ya fara yin toka-toka, kuma ya riga ya share ɗan rami a gindin tsingaron da ke tsakiya.